Ranar da Na Raka Baba Dutsen Fagam

Shekarar da Baba ya ajiye aikin koyarwa a Birnin Kudu ya dame ni da maganar wani dutse a Fagam. A kansa aka haifi kakarsa, kafin mutane su sauko su zauna a fili, kuma rabonsa da wurin tun yana saurayi. Ni kuwa gwiwarsa nake ji wa tsoro. Da na ga ba zai haƙura ba, wata Juma'a cikin damina na goya shi a babur muka kwana a Gwaram, gidan Gwaggo ƙanwarsa.

Mun tashi mun tarar an sha ruwa. Muna idar da asuba muka kama hanya, muka bar babur a bakin wata gonar gero. Farin hazo ya rufe ko'ina, da ƙyar nake ganin bayan rigarsa. Dutsen ga santsi, sai Baba ya tuɓe takalmi ya rataya a wuya. Na miƙa masa hannu.

"Kai dai duba inda kake sa ƙafa," in ji shi.

Sau huɗu muna hutawa. A na ƙarshe ya daɗe yana haki, har na ce mu koma. Sai ya miƙe ya ci gaba da hawa.

Muna zagaya wani ƙaton falalen dutse sai rana ta haske mu. Na waiga, na ga hazon nan duk ya koma ƙarƙashinmu, shimfiɗe har iyakar gani, kawunan duwatsu kaɗai suka leƙo. Muna jin carar zakara da dakan mata daga ƙasa, amma ko rufin ɗaki ɗaya ba ma gani.

"Baba, wannan gajimare ne?"

"Shi ne mana. Yau mu ne a samansa."

Bai tsaya kallo sosai ba, wani abu yake nema cikin ciyawa. Can ya kira ni ya nuna mini ramuka uku a jikin dutse, sumul, cike da ruwan sama. Ya ce a nan matan gidansu suke niƙa a da. Ya zauna ya tsoma hannu a na tsakiya, ya yi wa mamatansa addu'a, ina cewa amin. Sannan muka ci dafaffiyar masarar da Gwaggo ta ƙulla mana.

Kafin mu sauko hazon ya watse, gonaki sun fito kore shar. Sai la'asar muka isa Gwaram. Gwaggo ta ɗora ruwan zafi tana gasa masa gwiwa tana faɗa, shi kuwa yana ta ba ta labarin ramukan, har ta daina faɗan ta tambaye shi ko tsamiyar da Innarsu ke faɗi tana nan.