Zuwa Lyon Don Jin Mariyama

Saint-Denis

Mun fita bayan sallar asuba, ni da Alhaji Mamman, babban mutanen Damagaram, wato Zinder, a unguwarmu. Na rufe shagona na Barbès kwana biyu, don 'yata Mariyama za ta kare kundin digirinta na dokta a Lyon. Alhaji ɗan gidan sarauta ne, ni kuwa jikan majema. Ɗansa Bashir ya daɗe yana neman Mariyama, ita ma tana so, amma duk lokacin da aka tayar da maganar sai Alhaji ya ce a dakata. Kowa ya san dalili. Da na gayyace shi ban zaci zai amsa ba.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu tashar Gare de Lyon, muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa Lyon. Tafiyar wajen awa biyu ce, gonaki da shanu suna wucewa ta taga. Na miƙa masa dabino, ya karɓa, muka yi hirar tsadar haya. Ba wanda ya ambaci yaran.

Lyon

Mariyama ta tare mu a tasha, ta durƙusa ta gaida Alhaji. Muka ci shinkafa da kaza a wajen wani Balarabe, sannan ta ratsa da mu tsohon gari, ta lunguna masu duhu. Ta nuna mana gidajen dutse na fatake, ta ce wasunsu da awon kaya suka fara, jikokinsu suka zama masu sarauta.

Da rana muka shiga zauren jami'a. Malamai suna jere a gaba. Ta yi bayani da Faransanci a kan yadda talaka ke hawa a daulolin dā. Ta ce babban muƙamin sojan Faransa, marshal, asalinsa mai kula da barga ne, kamar yadda Shamaki yake a ƙasar Hausa. Wata farfesa ta matsa mata da tambayoyi, daga ƙarshe ta tambaye ta me ya ja ta ga wannan bincike.

Mariyama ta dube ni ta ce, "Kakan babana fata yake jemewa a Zinder. Na so in san ko kakannin sarakuna ma sun taɓa yin warin aiki."

Na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin an faɗi wannan a bainar jama'a ba, balle a gaban Alhaji. Da malaman suka dawo daga shawara, kowa ya miƙe, aka kira ta dokta. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

Komowa

Mun kwana a wani ƙaramin otel kusa da kogi, da safe muka kamo hanya.  Da muka yi nisa, Alhaji ya ce kakarsa ta taɓa gaya masa cewa wanda ya kafa gidansu da jaki ya shigo birni yana tallan kanwa, amma a gida ba a son zancen. Ya gyara hularsa.

"Malam Isufu, a Zinder wa ke karɓar gaisuwa a gidanku?"

Na ce yayana ne, Malam Habu. Ya ce to, zai sa ƙannensa su je nema wa Bashir auren bayan Juma'a.

Kafin la'asar na iso gida. Uwar Mariyama tana bakin ƙofa tun ban cire takalmi ba, na ce ta zauna tukuna, labari biyu ne. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya komo da mu lafiya.