Hannun da Ya Ci Amanar Oronzo

A garinmu, can kudancin Italiya, duk gardamar da ta tashi a teburin karta wurin Oronzo wanzami take ƙarewa. Tun yana saurayi yake zama a tebur ɗaya tilo da ke bayan shagon kofi na dandali kowace Lahadi bayan cin taliya, kuma bai taɓa yin fara'a a wurin ba. Mutum ne mai zafin rai, in ya ce a'a ko limamin coci bai isa ya tanƙwara shi ba.

Wasan kartarmu foka ake ce masa, kuma fokarmu ta gargajiya da kati talatin da biyu ake yin ta, an cire ƙananan. Oronzo ya haddace darajar hannaye kamar sunayen 'ya'yansa: biyu iri ɗaya, biyu-biyu, uku, jere, sai ful, wato uku iri ɗaya haɗe da biyu iri ɗaya. Sama da ful akwai kala, kati biyar masu tambari guda. Kala ta fi wuyar samu a ƙaramin tari, don haka ita ke cinye ful. Dokarsa ta biyu ta fi tsanani: katin da ka jefa a kife cikin tarin waɗanda aka zubar ya mutu, ko me ke jikinsa. Da wannan doka ya taɓa sa amininsa Pantaleo, manomin zaitun, ya yi wata guda ba ya gaishe shi.

Sai ga surukinsa Tiziano, mijin 'yarsa, ya dawo daga Milano da sabuwar foka irin ta Amurka da ake nunawa a talabijin. Cikakken tari, kati biyu a hannu, biyar a shimfiɗe na kowa da kowa. Samari suka ɗauka kamar wutar daji, suka fara tsayawa a kan dattawa suna duba agogo. Abin ya ci wa Oronzo rai ƙwarai, ni ma na ji haushi, don tebur ɗaya ba ya ɗaukar wasa biyu.

"Baba, ku bar mana teburin nan mana," in ji Tiziano wata Lahadi. "Wasanku ya tsufa."

"Ubanka ne ya tsufa! Ni na yi maka askin fari, kana tsala ihu, yau ka zo koya mini karta?"

"To mu gwada. Wanda ya ci, wasansa ne zai zauna a nan."

"Da naka wasan ma zan cinye ka, ɗan rainin wayo. Kawo katin!"

Tiziano ya gaya masa gaskiya tun kafin a raba: a wannan wasa ful ce ke cinye kala. Oronzo ya yi tsaki, ya ce ya ji, duniya ce ta juya ƙafa a sama. Mai shago ya zuba musu busasshen wake a madadin kuɗi, ya zauna rabo. Pantaleo ya tsaya a bayan amininsa yana leƙe.

Tsohon ya iya karta, wannan babu ja. Yana karanta fuskar surukinsa kamar yadda yake karanta gemun da zai aske. Aka yi ta ci ana mayarwa har rana ta karkata, waken ya kusa yin daidai. Sai aka ba Oronzo sarakuna biyu. A tebur aka buɗe sarki na uku da bakwai guda biyu, ga ful cikakkiya. Ya tura wakensa kaf tsakiya. Tiziano ya bi shi, sannan ya buɗe nasa: kati biyu masu tambarin zuciya, ga irinsu uku a shimfiɗe.

"Kala," ya ce a hankali, don ya san ba lallai ta ci ba.

Kan Oronzo ya san sabuwar doka, amma hannunsa na dama bai sani ba. Hannun da ya shekara hamsin yana sallamawa idan ya ga kala ya ɗebi sarakunan nan ya wurga su cikin tari a kife, tun kafin mai shi ya yi numfashi.

"Kai, Ronzo! Ful gare ka!" Pantaleo ya dafe kai. "Kai ka ci, tsohon banza, kai ka ci!"

Oronzo ya kalli tarin, ya kalli hannunsa, wuyansa ya yi jawur. Tiziano ya miƙa hannu zai tono katin.

"Baba, ɗauki abinka. Kowa ya ji shaidar Baba Pantaleo. Teburin naku ne."

"Cire hannunka daga nan!" Oronzo ya daki teburin har wake ya watse ƙasa. "Sadaka za ka ba ni? Ni?"

"Haba Ronzo, ka karɓa mana," in ji Pantaleo. "Na yafe maka tawa ta wancan karon. Ina za mu zauna ran Lahadi?"

"Ku zauna a maƙabarta, can ake jiranmu! Katin da ya shiga tari ya mutu. Na faɗa a kan naka, yau don nawa ne zan lashe amaina?"

Ya tashi, ya ɗauki tsohon tarinsa mai talatin da biyu ya cusa a aljihu, ya fita bai ko ɗauki hularsa ba. 'Yarsa ta roƙe shi, Tiziano ya je gida har da kwalbar giya, ya ce su raba Lahadin biyu. Oronzo ya kore shi da tsintsiya.

Yanzu samari ne a teburin, kuma idan gardama ta tashi wayarsu suke tambaya. Oronzo yana wucewa ta dandali kullum, ba ya ko waiwayar shagon. In ka miƙa masa hannu, na hagu yake ba ka, na dama yana cikin aljihu. Pantaleo ya taɓa yi masa faɗa, ya ce wannan rashin mutunci ne.

"Ba na gabatar da maci amana ga mutanen kirki," in ji Oronzo.