Kunnena na Dama

Shekara goma sha uku na yi a tsaye kan injin niƙa a Dungas, bayan kasuwa, cikin wata rumfar kwano da ke dafa mutum tun hantsi. Wanda bai taɓa wuni kusa da inji mai shan man gazuwal ba, kada ya ce mini ya san ƙara. Injin yana bugawa daga ƙasa har cikin haƙoranka, ƙarafan niƙa suna ihu, kwanon rufi kuma ya tattara duka ya juye maka a ka. Da yamma in na kashe shi, sai wani siririn kuka ya ci gaba a cikin kaina, kamar sauro ya shiga ya rasa hanyar fita.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Ban ma lura ba sai ran da na kara salula a wajen, ina ta "alo, alo", ina tsine wa rezo, wato layin waya, ashe bawan Allah yana ta magana. Da na mai da ita dama sai ga muryarsa raɗau. Matata ta sa ni gaba da mita har na je gidan likita. Majo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, dattijo ne da ba ya son dogon zance. Ya haska kunnuwan, ya koma bayana ya yi ta kiran kalmomi ina maimaita waɗanda na ji, sannan ya zauna.

"Malam, na hagu ya tafi, kuma ba ya dawowa," in ji shi. "Na dama ya rage maka. In ba ka tsare shi ba, shi ma zai bi. Ko ka bar injin, ko ka nemi kask, abin nan da ake kifawa a kunnuwa, irin mai hana ƙara shiga."

In bar inji in ci me? Geron gonata ko damina ta yi kyau ba ya kai mu bazara. Auduga kuwa na riga na gwada cusawa a kunne, gari da gumi su mai da ita ƙullu, kafin azahar ta faɗo. Saboda haka ranar kasuwar Magarya na hau kabu-kabu, da jika uku, wato sefa dubu uku, a aljihu, na tafi neman abin da zai tsare mini kunne.

Na samu wani mai tebur na kayan salula a ƙarƙashin laima, mutum mai zaƙin baki. Na gaya masa damuwata. Ya zaro iri uku. Akwai ƙananan nan masu waya da ake cusawa cikin kunne, ya ce waɗannan na ƴan lakwal ne, yaran makaranta. Akwai wani baƙi babba mai soso, jika biyu da rabi. Na ukun yana cikin kwali, har sai da ya goge hannu a riga kafin ya buɗe.

"Gwada wannan, maigida, gwaji kyauta ne."

Ya kifa mini, ya danna wani ɗan maɓalli a gefe. Bai kunna waƙa ba, bai kunna komai ba. Sai kawai kasuwar Magarya ta ja da baya. Babura, masu talla, janareton mai cajin salula, duk suka yi nisa. Wallahi rabona da jin shiru irin wannan na manta. Idona ya kawo ruwa a tsakiyar kasuwa, ni da gemuna. Na tambayi kuɗin, ya ce jika goma sha takwas. Na tuɓe shi da hannu biyu na miƙa masa, kada ma ya faɗi in shiga uku.

"To ai wannan ma yana kashe ƙara," ya ce, ya ɗauko mai soson. "Bari ka gani."

Ya jona shi da salularsa, ya kunna kiɗa, ya ƙure murya har ƙarshe. Kaina ya ɗauka. Na ga bakinsa yana motsi, yana tafa hannu a gaban hancina. Ya ɗaga soson gefe ɗaya ya ce, "Ka ji ni?" Na ce ko kaɗan. "To ka gani! In ba ka ji ni ba, ina za ka ji inji?"

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Mu haka muka tashi muka ga ana sayen duk wani abu mai magana. Rediyo ne, salula ce, amsa-kuwwar masallaci ce, a kunna, a ƙure, wanda ya fi ƙarfi shi ne mai kyau. Haka babana ya zaɓi rediyonsa, haka na zaɓi nawa. Mutum uku da ke tsaye a wurin duk suka gyaɗa kai, ɗaya har ya karɓa ya gwada ya ce wannan ai na asali ne. Na taya jika biyu, ya sallama, ya ƙara mini da katin sawa a salula cike da wa'azi da kiɗan gargajiya. Na koma gida ina jin na yi wayo.

Wata bakwai na yi da shi a kai. In ta da inji, in kifa kask, in ƙure murya. Injin ya koma wani ɗan gurnani a ƙarƙashin muryar malam. Matan da ke kawo niƙa suka samu abin tsokana.

"Mai inji ya zama matuƙin jirgi! Yaushe za ka kai mu Makka?"

Ni kuwa sai in yi musu dariya, in nuna kunnena, in ce magani ne. Har wani mai inji ɗan'uwana daga Guci na yi wa kwatancen teburin, na ce ya je ya saya kafin su ƙare. Wannan na cikin abin da ke ci mini rai har yau. Da yamma kukan nan na cikin kai ya ƙaru, sauro ɗaya ya zama goma. Na ce ai kunne ne ke sabawa da hutu. Dubi wauta, don Allah.

Na koma wajen majo ina taƙama, kask rataye a wuya. Ya ce in kunna masa yadda nake sa shi a wurin aiki. Na kunna, na ƙure, ya kifa. Kafin in ƙifta ido ya fizge shi ya jefar kan tebur.

"Innalillahi! Haka kake sa shi? Wuni guda?"

"Ai kai ka ce in saya."

"Na ce mai hana ƙara shiga. Wannan ba ya hana komai, rufe ƙarar yake da wadda ta fi ta. Da inji ɗaya ke cin kunnenka, yanzu ka ƙara masa na biyu, ka kuma manna shi a bakin ƙofa."

Ya koma bayana ya fara kiran kalmomi kamar wancan karon. Na jira ya fara. Ina nan ina jira sai ya dafa kafaɗata, ashe ya gama.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa shi da ya yi karatu me ya hana shi yi mini bayani tun farko, ya bar ni da kalma ɗaya in shiga kasuwa da ita? Bai yi musu ba. Ya cire gilashinsa ya murza ido. Ya matso daf da ni ya ce abin da ya rage kaɗan ne, kuma babu ƙwaya ko allura da za ta maido da wanda ya tafi. Na fito ban yi masa sallama ba. A hanya na so in taka kask ɗin da ƙafa, sai na tuna jika biyu ne, na mai da shi wuya.

Yanzu ina sa shi a kashe, in ɗaura rawani a kai. Soson ya lotse, ba ya tare komai, na sani. Mai kwalin nan kuwa ko da na tara kuɗinsa, me ya rage da zai tsare? Kowane wata wani abu yana ficewa daga duniyata. Kukan kaji ya tafi. Sallamar mata daga ƙofar rumfa ta tafi, sai dai in ga inuwa ta faɗo kan gari in ɗago kai.

A cikin wannan hali matata ta haihu, da hantsin wata Laraba, namiji, bayan mata huɗu. Ina zaune a zaure da ƙanena sai na ga ya yi zumbur ya miƙe yana murmushi, ya kama hannuna. Shi ya ji kukan ta kan katanga. Da aka gyara yaron, Inna, mahaifiyata, ta fito da shi cikin zane ta ɗora mini a hannu don in yi masa huɗuba, kamar yadda na yi wa yayyensa. Ɗan kunnensa bai fi ganyen zogale ba. Na sunkuya, na kai bakina kunnensa na dama, na fara kiran salla a hankali, can ƙasa-ƙasa yadda ake yi.

Ni dai a jina raɗa nake yi. Sai na ji yaron ya zabura a hannuna, fuskarsa ta yi ja, ya buɗe baki. Inna ta fizge shi ta rungume, ta rufe masa kunne da tafin hannu. Ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Kai, wannan ihu fa? So kake ka kashe masa kunne shi ma?"

Ba wanda ya yi dariya. Ta juya ta miƙa wa ƙanena yaron ta ce ya ƙarasa. Na tsaya a gefe, hannuwana a sake, ina kallon leɓɓansa suna motsi a kunnen ɗana har ya gama.