Gayyar Yaran Mama Cecilia

Cecilia Jacob ta daɗe tana sayar da kunun zaƙi da awara a ƙofar wata firamare a Kontagora. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Salka. Aure ya kawo ta gari, mijin ya rasu, ita kuma ta yi zamanta. Hausarta har yau da sauran gargada, yara na kwaikwayonta, ita ma ta taya su dariya. Mama kowa ke ce mata, har malamai.

To, mai zama a ƙofar makaranta yana ganin abin da malamin aji ba ya gani. Ta ga yaron da ke cin awararsa ya ba jama'a baya. Ta ga yarinyar da ba ta san yadda ake shiga wasa ba sai ta ɓata shi. Sai ta fara tara irinsu ranar Asabar da hantsi. Ba ta iya wa'azi ba, don haka ta ɗauko abin da ta tashi ta tarar a ƙauye, wato gayya. Wannan Asabar a je gidan su wane a taya uwarsa aiki, shara ce, ɓarar gyaɗa ce, ɗiban ruwa ne. Mai zuwa a je gidan su wance. Yaron da aka zo gidansu shi ne mai gayya. Shi zai tarbi kowa da sunansa, ya raba aiki, ya ba da ruwa, ya yi rakiya. Kafin a watse kuma kowa sai ya faɗi abin kirki guda da wani ya yi masa. Da farko wannan ya fi aikin wuya. Akwai ranar da wata Rukayya ta yi ta tunani, can ta ce Musaddiq bai zage ta ba yau. Mama ta ce an karɓa, da haka ake farawa.

Ana cikin haka aka kawo Yusha'u makarantar. 'Yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyensu can bayan Bangi. Uban ya tafi ƙwadago gonakin Auna, uwar, Fure, ta samu wani kango a bakin gari ta rakuɓe da yaranta. Yaro ne mara magana, amma hannunsa ba ya jira. Ka taɓa jakarsa ko ka yi dariya kusa da shi, sai duka. Da ya fasa wa Musaddiq leɓe, iyaye suka taso, hedimasta Malam Ladan ya ce a sallame shi. Mama ta bar kular kununta ta bi shi har ofis tana roƙo. Ya ce ya bar yaron zuwa ƙarshen zango.

"Amma in ya ƙara ɗaga hannu, Mama, ko ke ba za ki cece shi ba."

Ta sa shi cikin yaranta. Aiki dai yana yi kamar babba, gaisuwa babu, dariya babu. Ita kuma ba ta matsa masa ba.

Da layi ya zo kan gidansu, Mama ta je ta sanar da Fure, sai ta tarar da abin da ba ta zata ba. Matan gari ba su damu da abin da za a ba yaran ba, in akwai biskit su raba, in babu su sa albarka. Fure kuwa 'yar gona ce, ta san gayya ta gaske. Ta ce sam, ba a kiran gayya tukunya a kife. Ita ba za ta sa 'ya'yan mutane gumi ta sallame su da ruwa ba. Mama ta ce ai za ta zo da kunu. Fure ta haɗe rai, ta ce wanda aka gayyata ba ya ciyar da mai gida, wannan ai tonon asiri ne. Mama ta san gaskiya ta faɗa, don ko uwarta haka za ta ce. Ta zauna a kan bulo tana kallon ƙasa, can ta ce tana da gero da yawa da ke son surfe, ga shi ƙugunta ya gaza. In Fure ta surfa mata, ladanta gero ne, abin da ta yi da shi kuma ba ruwan kowa. Fure ta dube ta da kyau, ta ce a kawo turmin.

Ranar Asabar yara suka iso. Yusha'u na tsaye bakin buhun da aka rataya a matsayin labule, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, murya kamar ta mai zazzaɓi. Aikin shi ne nome ciyawar da ta kewaye kangon don a shuka kuɓewa. An fara ke nan Musaddiq ya miƙe, ya ƙare wa ginin kallo.

"Kai, Yusha'u, gidanku ko ƙofa babu? Akuyarmu ma da ƙofarta."

Fartanya na hannun Yusha'u, Mama kuma tana can gefen murhu, ko ta ruga ba za ta isa ba. Bakinta ya buɗe, sai ta rufe. In ita ta riƙa tare masa hannu, ranar da ba ta nan fa?

Yaron ya daɗe a tsaye yana huci. Sannan ya jingine fartanyar a bango, ya shiga ciki, ya fito da kofin kunu ya miƙa wa Musaddiq da hannu biyu.

"Sha. Babana ya ce mai gayya ba ya faɗa da wanda ya zo masa aiki. Amma ranar Litinin..."

"Ranar Litinin kai ma ana bin ka bashin gayya," in ji Rukayya. "Gidan su Musaddiq za mu je mako mai zuwa. Za ka doki wanda za ka je wa gayya?"

Yara suka kwashe da dariya, Yusha'u ya sunkuyar da kai, gefen bakinsa na motsi. Musaddiq ya sha kunun da kyar don kunya. Can an jima Mama ta hango Yusha'u yana gyara masa riƙon fartanya, don hannun ɗan birni ya fara yin bororo. Da aka zo faɗin abin kirki, Musaddiq ya ce Yusha'u bai fasa masa kai ba, alhali shi ya tsokane shi. Fure ta juya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Litinin ta zo ta wuce, zango ya ƙare. Ranar ba da hutu Malam Ladan ya tsaya gaban kular Mama ya ce a zuba masa kunu. Yana sha ya ce yaron nan zai dawo bayan hutu, ya kuma tambaye ta me ta ba shi. Ta ce ita ba ta ba shi komai ba, da abinsa ya zo daga gida, wuri kawai ya rasa.

Daidai nan Yusha'u da Musaddiq suka fito suna musu kan ƙwallo, kowa na ɗaga murya. Mama ta bi hannuwan Yusha'u da kallo har suka sha kwana. Duka biyun suna cikin aljihu.