Jiragen Yaƙin Baba Masu Rumbu

Jiya na je gida Maruta ta ƙasar Gwaram, na tarar Baba ya jera jiragen ruwan yaƙi biyar na karan dawa, irin na dā masu tafiya da iska. Buhun taki ya ɗaura musu ya tare iskar, kowanne kuma da ɗan rumbu a kansa.

Wata shida ke nan hannunsa na dama ya shanye.

Na ce, "Baba, ina muka ga teku?"

Ya ce, "Da Gwaram tana da shi, ga rundunarmu."

"To, rumbu kuma a jirgin yaƙi?"

Ya harare ni. "Sojan da bai ci tuwo ba ne zai harba igwa?"

Sai na lura, ashe da hannun daman yake nuna mini rumbun.

Jirgi na shida yana tafe. Jama'a, wane suna za mu raɗa masa?