Layi Uku Babu Gaisuwa

Yayata ta yi shekara ɗaya da wata huɗu ba ta yi mini magana ba. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa. Ita tana aure a Garoua, ni kuma ina gidanmu na unguwar New Bell a Douala tare da Baba da ƙanwarsa da muke kira Gwaggo, don Inna ta rasu tun ina ƙarama. Abin da ya raba ni da Yaya saƙon waya ne, layi uku, babu zagi a ciki, babu ƙarya ko ɗaya. Har yau yana cikin wayata. In da za a nuna wa malamin da ya koya mini Ingilishi, na tabbata ba zai sami inda zai ɗora jan bironsa ba.

A lokacin ina aikin akawu a unguwar Bonanjo, a wani kamfani da ke fito wa 'yan kasuwa da kaya daga tashar jirgin ruwa. Shekara takwas ina buga wasiƙu da Faransanci, ba wanda ya taɓa kuka da ni. Sai aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka ce duk wanda ke zama gaban kwamfuta sai ya kawo takardar shaidar cin jarrabawar Ingilishin kasuwanci kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba ya nemi wani wuri. Ni kuwa Ingilishin da na iya shi ne na kasuwar Mboppi, wanda ake taya atamfa da shi, ake kuma yi wa mai babur masifa in ya watsa maka ruwan kwata.

Na yi rajista a wani aji da ke saman bene, bisa wani shagon yadi a gefen kasuwar. Talata da Alhamis bayan la'asar, sai Asabar da safe. Mu goma sha wani abu ne, yawanci akawuna irina, muna zaune a kan bencin yara, warin sabon yadi yana hawowa ta tsakanin katako, 'yan dako suna ta ihu a ƙasa. Malamin mutumin wajen Bamenda ne, gajere, ba ya rabuwa da laima ko rana ake ƙwallawa. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai bai san wasa da aikinsa ba.

Abu biyu yake koya mana. Na farko, a ba ka rubutu shafi guda ka karanta, ka amsa tambayoyin da ke ƙasa. Ranar farko labarin wani manaja ne da ya kira taro sau uku a mako ɗaya, aka tambaya me ya sa. Na rubuta cewa tsoron ma'aikatansa yake ji, don na san irinsu, na zauna da su. Malam ya ɗaga takardata sama ya ce, "Madam, a wane layi aka rubuta haka?" Na ce ba a rubuta ba, amma ai a fili yake. Ya ce mai duba jarrabawa bai damu da abin da na sani ba, abin da ke kan takarda kawai yake so. Na ji haushi.

Na biyu shi ne wasiƙa, kuma nan ne na sha kunya. Ya ce mu rubuta wa wani kamfani mu tambayi dalilin da kayanmu suka makara. Na zage na fara yadda na tashi na ga ana yi: na gaida mutumin, na tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa, na yi masa ya aiki, na ce mu nan lafiya lau sai dai ruwan sama da ya dame mu. Malam ya ja layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan, rabin shafi ya tafi.

"Madam, mutumin nan bai tambaye ki labarin ruwan sama ba," in ji shi. "Layin farko, me ya faru. Na biyu, yaushe kuma a ina. Na uku, me kike so ya yi. Shi ke nan, ki sa hannu."

Da na kai wa Baba takardar sai da ya yi dariya har tari ya kama shi. Baba tsohon ɗan kasuwar yadi ne, amma a unguwarmu da wasiƙa aka fi saninsa. Kafin waya ta shigo hannun kowa, baƙin 'yan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya wurinsa suke zama a ƙofar gida ya rubuta musu saƙo zuwa gida. Ina tsugune gefensa na koyi cewa wasiƙa tana farawa ne da "Bayan gaisuwa mai yawa", a bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake ko jariri. In mugun labari ne kuwa, can ƙasa yake ajiye shi, bayan ya shimfiɗa masa addu'a. Ya riƙe takardata nesa da idonsa ya ce, "Auta, su waɗannan mutanen naki ba su da iyaye ne? Mutum ya faɗo maka gida ba sallama ya ce ina kayana?"

Na ce, "Baba, aikina ake magana."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ki koya, amma ki riƙa cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi."

Wata biyar na yi ina yankewa. Kowace wasiƙa ina ƙirga kalmominta, in ta wuce ƙa'ida in nemi abin da zan zubar. A cikin tasi ina yi, a ofis lokacin cin abinci ina yi. Jan biron malam ya dinga raguwa a takarduna, har wata rana ya karanta wasiƙata a gaban aji ya ce haka ake yi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi sosai.

Cikin wata na huɗu jikin Baba ya tashi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, muka kwantar da shi a asibiti. Gwaggo ke kwana wurinsa, ni in zo da safe kafin aiki, in dawo da yamma. Nakan zauna gefen gado da littafina a cinya, ina karanta labarin kamfanin kujeru da ya buɗe sabon reshe, ina zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu. Ban san lokacin da wani abu ya mutu a cikina ba. Likita zai yi bayani, ni kuwa ina sauraronsa kamar rubutun jarrabawa, ina tsince muhimman kalmomi. Yaya tana kira kullum, ina ce mata da sauƙi, don haka Baba ya ce a riƙa gaya mata.

Ya rasu ranar Alhamis da safe. Jarrabawata ranar Asabar ce.

Gwaggo ta rufe shi tana salati, hawaye na bin fuskarta. Ni na fita na zauna kan benci a baranda. Ana yayyafi, wata mata tana wanke kwanon abinci a bakin famfo. Ban yi kuka ba, ban ma ji alamar zai zo ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne akwai wadda ya kamata ta sani. Na ciro waya na rubuta:

"Baba ya rasu yau. Da ƙarfe tara da kwata ne, a asibiti, za a yi jana'iza bayan azahar. Ki sanar da ni ranar da za ki iso."

Na sake karantawa, na ga babu kalmar da ta yi yawa, na tura.

Ko ɗan yaye a unguwarmu ya san ba haka ake yi ba. Mutuwar uba ba a jefa wa 'ya ita ta waya. Mijinta ake kira, ko wata babbar mace a kusa da ita, su je su zaunar da ita, a fara ce mata jikin Baba ya yi tsanani, a bar ta ta gane da kanta a tsakiyar mutanen da za su riƙe ta. Abin da Gwaggo ke shirin yi ke nan lokacin da ta fito tana neman lambar mijin Yaya. Na ce mata ai na riga na gaya mata. Gwaggo ta tsaya tana kallona, ta ce, "Kin gaya wa wa? Ta yaya?" Na nuna mata wayar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ga gajartar abin.

Daga baya muka ji cewa Yaya tana tsakiyar kasuwa saƙon ya same ta, tana cinikin tumatir. Nan ta zube. Mutanen da ba su san ta ba ne suka yayyafa mata ruwa, suka bincika wayarta suka nemo mijinta.

Daga Garoua zuwa Douala tafiya ce ta mota da jirgin ƙasa da wata motar kuma. Ta iso ranar Asabar da hantsi, ranar sadakar uku, gida cike da mata. Ba ta same ni ba. Na yi wanka da sassafe, na ɗauki katin shaida da biro biyu na tafi. Ba wanda ya hana ni, don ba wanda ya yi zaton can za ni. A ɗakin jarrabawa aka ce mu rubuta wasiƙar ban haƙuri ga wani abokin ciniki da kayansa suka lalace a hanya. Na gama kafin lokaci, na zauna ina kallon fanka.

Da na dawo na tarar da ita a ɗakin Baba, tana riƙe da hularsa. Na durƙusa na ce, "Yaya, sannu da hanya." Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya kan biron da ke hannuna. Ta ce, "Na iso. Kin ce in sanar da ke." Ba ta ƙara ce mini komai ba har ta koma bayan kwana bakwai.

A kwanakin nan mata sun shigo ba adadi, kowace ta ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Na faɗe shi har bakina ya saba, kamar yadda nake cewa alo in wayar ofis ta yi ƙara. Ni da Yaya kuwa ba mu yi wa juna wannan gaisuwar ba.

Sakamako ya fito, na ci, har da yabo. Aka bar ni a kujerata, aka ƙara mini da wasiƙun ƙasashen waje. Takardar shaidar tana cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, ban taɓa sa ta a gilashi ba. Na kira Yaya ba ta ɗauka ba. Sau da yawa na zauna zan rubuta mata ban haƙuri, sai in ga abin yana fitowa a jere yadda aka koya mini: amsa laifi, faɗin dalili, alkawarin gyara. Ina karantawa sai in ji ƙyamar kaina, in goge.

Gwaggo ce ta gaji da ganina. Wata Juma'a tana tsinke zogale ta ce, "Ke dai kin cika wahalar da kai. Wa ya ce ki yi mata bayani? Gaishe ta kawai."

Na ce, "In gaishe ta in ce me?"

"Ki ce ina kwana. Ko shi ma sai an kai ki makaranta?"

Ranar na danna wayar na tura mata saƙon murya. Na gaishe ta, na gaida mijinta, na bi yaranta huɗu ɗaya bayan ɗaya har na goye. Na tambayi zafin Garoua, na ce mu nan ruwa ya cika kwata har ya shigo zaure. Ban roƙi komai ba, ban ce ta kira ni ba. Muryata kamar ta mai karanta sanarwa, ni kaina na ji. Alama ta nuna ta saurara, amsa ba ta zo ba. Juma'a ta gaba na sake. Haka na yi ta yi wata da watanni, ba don ina sa rai ba, sai don ya zama cikin ayyukan Juma'a, kamar yanke farce.

Wata Talata da rana ina ofis, ina tsakiyar rubuta wa wani kamfani cewa kwantenarsu ta makara, wayata ta yi ƙara. Na ga sunanta. Na ɗauka.

"Auta, ina wuni?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ya aiki? Ya Gwaggo, ya ƙafar tata? Ya ruwa?"

Na dinga amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsallake kowa ba, har maƙwabciyarmu mai ƙosai sai da ta tambaya. Ina jin kukan akuya a bayanta.

Ta ce, "Ya haƙurinmu?"

Na buɗe baki in ce da godiya, abin ya ƙi fitowa. Sai ga ni ina kuka a gaban kwamfuta, kuka mai sauti, na Baba, wanda ban yi ba a baranda, ban yi ba ranar uku. Abokin aikina ya tashi ya ja ƙofa ya fita. Na yi ta ƙoƙarin cewa wani abu, ko kalma ɗaya ban iya haɗawa ba.

Yaya ta ce, "Yi abinki, Auta. Ina nan, ba sauri nake yi ba."