Karsanar da Aka Ɓoye Bayan Rumbu

A rugarmu da ke arewa da Ɓaɓura, tatsuniya tana farawa ne da an sauke tukunyar tuwo. Kaka ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. Sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya ba mu wuri."

Shekarun farko bayan samun 'yanci, labari ya zo cewa malaman dabbobi na tafe da allurar ciwon bushiya, annobar nan mai share garke. Duk saniyar da suka yi wa sai su huda mata kunne. Baffa, mahaifina, ya ce allurar tana ƙafar da nono, don haka gobe zai kora shanu zuwa wurin ƙanensa a Nijar. Ni damuwata ɗaya ce, Fari, karsanar da Kaka ta ba ni.

Ran nan Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum, don Baffa na zaune nan kusa yana tufkar igiya. Ta ce an yi wasu 'yan'uwa biyu da ba sa ga-maciji, zana kawai ta raba ɗakunansu. Ƙuma ta addabe su. Babban ya turara ɗakinsa ran Asabar, ƙuma ta koma wurin ƙaramin. Ƙaramin ya turara ran Lahadi, ta dawo. Haka suka shekara suna susa.

Na ce, "Kaka, me ya hana su yi rana ɗaya?"

Ta ce, "Yauwa ƙawata. Sai sun yi magana ke nan, su kuwa sun fi son ƙaiƙayi."

Muka yi dariya, ban da Baffa. Washegari ya tafi. Shanu uku masu ciki da ba za su iya tafiyar ba, har da Fari, ya ɓoye su bayan rumbu, ya hana kowa faɗa. Malaman suka zo suka wuce.

Kwana tara ya dawo, kowace saniya da hudajjen kunne. Ashe a bakin rijiyar farko ta can ya tarar da irin malaman, da irin allurar, bambancin kawai su Faransanci suke yi. Da rani ciwon ya shigo. Garken ya tsira, ukun nan suka mutu, har da Fari. Na yi kuka har muryata ta dishe.

Sai da na girma, ina jin rediyo, na gane ƙasashen ne suka zauna suka sa hannu kan a yi aikin lokaci guda, ko'ina. Tun daga nan, in na ji ana raina taron ƙasashe ana cewa surutu ne kawai, ba na sa baki. Na san ranar da malaman suka zo ina tsaye a ƙofar gida, ɗayansu ya tambaye ni, "Yarinya, akwai sauran shanu?" Na ce babu.